Sawun Motar Ephraim

Motar da ta ɓata a unguwar Lokuwa an gan ta da yammacin ranar da ta ɓata, a bayan wani gida a gefen ƙauyen Sahuda, an lulluɓe ta da zana, ko madubinta ba a taɓa ba. Kafin magariba 'yan banga suka saki Rufa'i makanike, wanda suka tsare tun hantsi. Abin ya faru ne a Mubi, farkon watan Mayu na 2015, lokacin da mutanen gari ke dawowa daga gudun hijira suna gyaran abin da suka tarar. Wanda ya bi sawun kuwa Gabdo ne, tsohon maharbi, wanda kafin rikici aikinsa bin shanun da aka sace.

Motar tsohuwar Suzuki ce, ƙarama, mai ƙofa biyu, irin wadda ke ja da taya huɗu. Mai ita Ephraim, malamin gona mai ritaya daga tsaunukan Michika, ya fita gona ranar da gari ya faɗa hannun 'yan bindiga, ba a sake jin labarinsa ba. Matarsa Margret da 'yarsu Beauty sun gudu da ƙafa. Rufa'i bai gudu ba, domin mahaifiyarsa ba ta iya tashi. Shi ya kwance tayoyin motar ya binne, ya ɗora ta a kan bulo, ya watsa mata ƙasa, har waɗanda suka zo neman motoci suka ɗauka gawa ce suka wuce. Da iyalin suka dawo, ya mayar mata da tayoyinta.

Yanzu rufin gidan Margret na yoyo, damina ta kawo kai, sai ta yanke shawarar sayarwa. Mai saye ya zo daga Uba ya duba. Washegari ta dawo daga addu'ar safe ta tarar da rumfar wayam.

A wancan lokacin ɓatan mota ba ƙaramar magana ba ce. Kowa ya san bam ɗin da ake ɗura wa motar da ta ɓata, da inda ake kai ta. Kafin rana ta ɗaga unguwa ta cika ƙofar gidan, kuma suna ɗaya ke yawo a bakin mutane.

"Kowa ya gudu, shi ya zauna. An ƙone shaguna, garejinsa yana nan. Ku tambaye shi mana."

Hamman, shugaban 'yan bangan unguwar, ya kai Rufa'i ofishinsu ya kulle. Ya ce in rana ta faɗi ba a ga mota ba, barikin soja zai kai shi. Waɗanda aka kai bariki a wannan shekara ba duka suka dawo ba.

Margret ta ɗaura ɗankwali ta tafi gidan Gabdo.

*

Gabdo ya iso da sandarsa a kafaɗa. Ya dubi ƙofar rumfar, inda ƙafafun rabin unguwa suka tattake, ya girgiza kai.

"Jama'a, in na ɓata ni ma, don Allah kada ku zo nemana."

Ya zaga ta baya. Rumfar tana da ƙofa ta biyu mai fita wani lungu da ke gangarawa wajen gonaki. An yi yayyafi da daddare, ƙasa ta riƙe sawu. Ya tsuguna ya daɗe. Babu baƙin hayaƙi a jikin katangar da salansa ke fuskanta. Ba a tayar da motar a nan ba. An sake birki ne aka bar gangara ta ja ta, sai can ƙasa aka kunna.

"Maman Beauty, makulli nawa ne?"

"Biyu, Bappa. Ɗaya yana wurina, ga shi. Ɗaya kuma Baban Beauty yana ajiye cikin motan, ban ma san wurin ba. Ni ban iya tuƙi ba."

"Wa ya riƙe naki jiya?"

"Mai sayen. Da Rufa'i." Ta kama bakin zanenta. "Bappa, ni ban ce Rufa'i ba fa. Ko sau ɗaya ban ce ba. In ba don shi ba, wane mota zan samu in sayar?"

Beauty tana tsaye a bakin ƙofa da tulun ruwa. Budurwa ce da ke aiki a wani kemis a cikin gari. Ta ce ta fita da sassafe, labari ya same ta a shago ta dawo. Gabdo ya karɓi ruwa ya sha, ya yi godiya da Fulatanci, "Useko," ya wuce.

*

Munzali, mai sayen, yana zaune wurin mai shayi da 'yan banga biyu a gefensa, an hana shi komawa Uba. Ɗan kasuwar hatsi ne, kuma ransa a ɓace yake.

"Baba, ni da na zo saye, ni ne kuma ɓarawo? Wa ke kwanciya a ƙarƙashin mota ya ɓata shaddarsa don abin da zai sata?"

"Me ka gani a ƙarƙashin?"

Nan take fuskar Munzali ta canza. Ya ture kofin shayi gefe.

"Shasi na fara dubawa. Irin wannan mota tsatsa ke kashe ta, ba inji ba. Na bi shi da guduma daga gaba har baya, ƙarfe yana amsawa, babu inda ya yi bus. Na ɗaga ledar ƙasa, babu huda. Sifirin ɗin baya ganye ɗaya an canza, sauran na asali ne. Kafin a kunna na dafa bonet, don wasu sukan ɗumama inji kafin ka zo, su ɓoye maka wahalar tashi. Wannan da sanyinta ta tashi, bugu ɗaya. Hayaƙi ba shuɗi ba. Na buɗe marfin baƙin mai, babu farin kumfa, wato ruwa ba ya shiga. Sitiyari yana ɗan wasa, amma shekarunta sun kai. Kuloci ne dai da tauri, sai ka taka kamar kana kashe kunama."

"To me ya hana ka biya?"

"Ogzilari. Ƙaramar giyar nan da ke sa tayoyin gaba su ja. Ba a gwada ta a kwalta. Ka ga, a cibiyar kowace tayar gaba akwai wani marfi, sai ka sauka ka murɗa da hannu, hagu da dama, sannan ka sa giyar. Makaniken ya ce in bari yau mu je mayo, wato rafi, mu shiga yashi, akwai abin da zai nuna mini a wurin kafin in ba da ko sisi. Ka ji mutumin da suka kulle. Mai gaya maka aibin mota tun ba ka tambaya ba."

"A ina ka kwana?"

"Gidan surukina. Ka je ka tambaya, minsharina ya hana shi barci."

*

Ofishin 'yan banga shago ne da aka cire wa kanta. Rufa'i na zaune a ƙasa, hannunsa da baƙin mai. Kusa da shi akwai kwanon abinci a rufe, bai taɓa ba. Mai gadi ya ce 'yar Margret ce ta kawo.

"Me za ka nuna wa Munzali a mayo?" in ji Gabdo.

"Marfin dama. Shekarun baya Oga Ephraim ya daki dutse da shi a hanyar tsauni, ya fashe. Ba a samu sabo ba, na yi masa walda, kullum a kulle yake. Na hagu kaɗai ake murɗawa. Dole mai saye ya sani, don yana cin taya."

"Wa ya san haka?"

"Ni. Da Oga."

"Sai wa?"

Rufa'i ya dubi hannuwansa. "Ban sani ba, Bappa."

"In rana ta faɗi bariki za su kai ka. Ka sani?"

"Na sani. In sun kai ni, don Allah a riƙa leƙa Inna. Ba ta cin tuwo sai an dama mata ya yi ruwa."

Gabdo ya jira, ko zai tambayi inda sawu ya nufa. Duk wanda aka tsare a kan abin da bai sani ba, ita ce tambayarsa ta farko. Rufa'i bai tambaya ba.

*

Hamman ya ce da shi za a tafi. Suka ɗauki Keke Napep har inda hanya ta ƙare, suka ce wa mai keken ya jira, suka bi sawun da ƙafa. Motar ba ta bi gada ba, inda sojoji ke da shinge. Ta bi hanyar gonaki har bakin mayo, inda yashi ke da faɗi, ruwa bai wuce idon sawu ba.

A nan ta tsaya. Sawun mutum ya fito daga ƙofar direba, ya je wurin tayar gaba ta hagu. Ga gurbin gwiwa biyu a yashi. Daga nan ya koma mota. Bai je dama ba.

Gabdo ya faɗa wa Hamman abin da hakan ke nufi, bai rage komai ba. Da Munzali ne, ko wani baƙo, da ya je duka tayoyin.

"To ai magana ta ƙare," in ji Hamman. "Wanda ya yi waldar."

"Duba takalmin."

Takalmin roba ne na manoma, babba, an yi wa dugadugin dama faci da guntun taya. Mai keken, wanda ya gaji da jira ya biyo su, ya leƙa ta kafaɗar Hamman ya yi salati.

"Wallahi takalmin Baba Ephraim ne! Ni na san facin nan, ƙanena ya liƙa masa!"

"Koma wurin kekenka," in ji Gabdo. "Ka riƙe bakinka."

Mutumin ya koma. Suna tsallake ruwa suka ji ƙarar keken ya juya ya nufi gari.

A ɗaya gaɓar, inda ƙasa ta yi tauri, motar ta sake tsayawa. An sauka, an kwance marfin hagu, an ɗan ja da baya kafin a ci gaba, yadda mai tausayin ƙarfe ke yi. Gabdo ya sa ɗan yatsa a cikin sawun takalmin, ya taɓa dugadugi, ya taɓa tsakiya, ya taɓa baki. Ya auna tazarar taku da sandarsa. Hamman ya tambaye shi me ya gani. Ya ce a bari su ga motar tukuna.

Rana ta karkata lokacin da sawu ya kai su wani gida mai katangar dutse a gefen Sahuda. Wata tsohuwa na zaune tana ɓarar gyaɗa. Susana ce, yayar Ephraim.

"Sannu da gida, Goggo. Mota muke nema."

"Yana baya. Motan ƙanina ne, yana gidan 'yar'uwansa. Akwai laifi?"

"Wa ya kawo?" in ji Hamman.

"Idona ba ya gani, ɗana. Kunnena ma sai a hankali."

"Amma kin ji mun ce mota."

"Wannan na ji."

Gabdo ya ɗaga zanar. Makulli na cikin wani gurbi a ƙarƙashin kujera. Kusa da shi takalmin roba, an wanke yashinsa an jera. Daga ƙofar direba wani sawun daban ya fita zuwa bakin titi, inda ake samun keke. Ya dube shi, sannan ya shafe da ƙafarsa. Hamman ya ga ya shafe, ya kau da kai.

*

Suka dawo a bayan wata akori-kura. A ƙofar gidan mai unguwa Sulaiman mutane sun taru fiye da na safe, amma yanzu sunan Ephraim ne a bakinsu. An kawo Rufa'i da Munzali an zaunar a tabarma ɗaya. Margret na gaba, ta sa zanen zuwa coci. Mata sun ce tun da labarin takalmi ya iso ta ɗora miyar yakuwa da gyaɗa, wadda mijinta ke so. Beauty na bayanta, a tsaye.

Mai unguwa ya ce, "Gabdo, muna jinka."

"An ga mota. Lafiyarta ƙalau, babu abin da aka ɗura mata. Hamman shaida ne."

Hamman ya gyaɗa kai. Wani ya yi hamdala da ƙarfi.

"Munzali bai san da waldar taya ba, wanda ya tuƙa kuwa ya sani. A sallame shi ya je ya wanke shaddarsa. Rufa'i ya sani. Amma Rufa'i da yatsa biyu yake murɗa marfin nan, a tsaye. Wanda ya murɗa yau sai da ya durƙusa da gwiwa biyu."

Margret ta matso. "Bappa, takalmin. An ce takalmin shi ne."

Gabdo ya ajiye sandarsa. Ya tsuguna a gabanta, abin da ba a saba ganin dattijo kamarsa ya yi ba, ya rage murya, ko da yake kowa na ji.

"Takalminsa ne, Maman Beauty. Ƙafar ce ba tasa ba. Mutum in ya taka da takalminsa, yatsunsa kan danna ƙasa a baki. Wannan dugadugi ya nutse, tsakiya ya nutse, baki kuwa babu kowa a ciki. Ƙaramar ƙafa ce. Takun ma gajere ne, yana jan takalmin a yashi. Da na ga wani abu ban da wannan, wallahi da gudu zan zo in gaya miki, da tsufana."

Margret ba ta yi kuka ba. Ta zauna a ƙasa da zanen cocin, ta ce, "To."

"Ba zan kira suna ba," in ji Gabdo. "Ba sata aka yi ba. Ɓarawo ba ya tsayawa ya kwance taya don kada ƙarfe ya wahala. Ba ya wanke takalmi."

"A'a fa," wani ya ce daga baya. "In ba suna, wa ya san ba makaniken ya aiki wani ba?"

Murya biyu, uku suka goyi bayansa. Rufa'i ya sunkuyar da kai. Hamman ya dubi rana, ya dubi Gabdo.

"Ni ne." Beauty ta fito gaba. "Ni na ɗauka. Baba ya koya mini a hanyan gona, ni da shi kawai. Ya ce ba a tuƙa motan shi da silifas, kulocin zai zame, sai da takalmin shi. Na kai wurin Goggo Susana ne, in mai saye ya gaji ya tafi in dawo da shi. Na dawo na ga an kama Yaya Rufa'i, ana maganan bariki. Na kai mishi abinci in gaya mishi zan faɗa, ya ce in rufe bakina in koma gida."

"Haka ne?" mai unguwa ya tambayi Rufa'i.

"Ranka ya daɗe, yarinya ce ta fitar da mota ta bayan shinge. Ka san yadda za a karanta wannan a can. Ni ko ba komai sun riga sun saba da sunana."

Wanda ya yi magana daga baya ya ja hularsa ya rufe goshi.

Margret ta ɗago ta dubi 'yarta. "Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Na gaya miki, Mama. Kin ce rufi yana yoyo." Beauty ta durƙusa kusa da ita. "In ya dawo ya ga babu motan, zai ce mun gama da shi."

Margret ta jawo kanta ta ɗora a cinyarta, ta gyara mata ɗankwali. Can ta ce wa matar da ke kusa, "A je a sauke miyan nan, a kai gidan Rufa'i. A dama wa Inna tuwon ya yi ruwa."

Munzali ya miƙe yana karkaɗe riga. "Madam, in har yanzu za ki sayar kin san inda nake. In kin fasa, a gyara marfin daman nan dai. Mota mai kyau ce, kada a bar ta tana cin taya." Ya miƙa wa Rufa'i hannu, ya riƙe shi ya ɗan jima.

Hamman da kansa ya raka Rufa'i gida.

*

A hanya Hamman ya gaya wa Rufa'i abin da bai faɗa a taro ba. Tun da safe, kafin a kira Gabdo, wani daga cikin unguwa ya buga waya bariki ya ba da sunan Rufa'i da kwatancen garejinsa.

Washegari Hamman da mai unguwa da Margret suka je ƙofar bariki suka ce an ga mota, iyali ne suka matsar da ita, babu laifin kowa. Ba su ambaci Beauty ba. Sojan da ya saurare su ya ce ya ji, in ana bukatar makaniken za a zo.

Margret ta fasa sayarwa. Matan zumunta suka haɗa mata kwano biyu na rufi, wani maƙwabci kafinta ya buga. Beauty ta je Sahuda ta dawo da motar ta kan gada, da rana, da takardunta a hannu, ta ajiye ta a garejin Rufa'i, wanda ya aika Yola a nemo marfin dama.

Tun daga wannan makon Margret ta ɗauki bencinta da farantin gyaɗarta ta koma sayarwa a ƙofar garejin. Ciniki a wurin bai kai na bakin titi ba. Da aka tambaye ta, ta ce in sojoji sun zo tana so su same ta a zaune, ita mai motar, su ji daga bakinta. Takan zo kafin Rufa'i ya buɗe, ba ta tashi sai ya rufe.

Har ƙarshen daminar sojojin ba su zo ba. Ba su kuma aiko cewa sun rufe maganar ba.